Zagayen Ƙarshe na Lindsay Pybus

Ni Glenys Pybus ba na ɓoye wa kowa, na tsani dokar hayaƙin nan tun ranar da aka kafa allunanta, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Wasu masu ɗaure wuya a majalisar gari, waɗanda ko tayar keke ba su taɓa canzawa ba, suka zauna a ɗaki mai ɗumi suka shata layi kewaye da tsakiyar gari, suka ce duk tsohuwar mota mai shan gas kada ta kuskura ta ƙetare. Suka rataya kyamara a kowace kusurwa. Kana shiga ta ɗauki lambarka, tara ta biyo ka har gida. Wai iska suke tsarkakewa. A garin da kowane gida murhun itace yake hurawa duk lokacin sanyi, hayaƙi ya kwanta a kwarin nan har hantsi, motar talaka ce kaɗai ta tsole musu ido.

Ƙanena Lindsay itacen wuta yake sayarwa. Shi zai shiga daji ya sara, ya faskara, ya loda a farar a-kori-kurarsa, wadda ta girmi 'yarsa, ya bi gida-gida. Yawancin masu saye a hannunsa tsofaffi ne da ke zaune a tsofaffin gidajen tsakiyar gari, cikin layin nan da aka shata. Da doka ta fara aiki ya je ya tambaya yaya zai yi, wata yarinya a bayan tebur ta ce ya sayi sabuwar mota. Ya sayi sabuwar mota da me, da haƙoransa? Ya dawo ya ajiye farar a ƙarƙashin rumfa, ya zauna a kujera gaban talabijin, mutumin da a da ko shayi a tsaye yake sha. Likitoci sun ce zuciya ce ta kashe shi. Ni na san abin da ya taɓa zuciyar.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan ya yi zagaye. Tituna huɗun da suka kewaye dandalin agogo hannu ɗaya ne, to da yammacin Juma'a sai samari da 'yan mata su cika motoci, a sauke gilashi, a yi ta kewayawa ana danna hon ana tsokanar juna har mai ya ƙare. A nan Lindsay ya fara ganin uwar 'yarsa Kerryn, yana leƙe ta taga har ya kusa hawa kan wani ɗan sanda. Zagaye yana da ƙa'ida guda: daga agogo ake farawa, a agogo ake gamawa. Wanda ya yanke ta wani lungu a tsakiya, ya ja wa kansa gorin da zai bi shi har tsufa. Akwai wani a ƙungiyarmu ta 'yan jifan ƙwallo, yanzu da sanda yake tafiya, har yau Mai Yanke ake kiransa. In kuma ɗan zagaye ya mutu, ana kai shi ya yi na ƙarshe kafin maƙabarta.

A asibiti, ana gobe zai tafi, ya kama hannuna ya ce, “Yaya, ki kai ni zagaye. A bayan farar nake so, kada ki bari su saka ni a baƙar motar nan mai labule.” Na ce masa ya daina surutun banza ya sha ruwa. Amma na yi alkawari, kuma ya ji na yi.

Matsalata Kerryn ce, 'yarsa tilo, wadda tun rasuwar uwarta rabin rainonta a hannuna aka yi. Ma'aikaciyar jinya ce, tana haya a saman wani kantin magani, a cikin layin. Ita ce ta miƙe a taron majalisa, gaban mutane, ta ce tana goyon bayan dokar, wai ta gaji da ganin yara masu asma suna cika musu gadaje, wai in an fara za ta iya buɗe tagarta da safe. Ubanta yana zaune a baya da hularsa a gwiwa. Shi bai iya faɗa da ita ba. Ni na iya, kuma na yi, tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta maƙwabta.

Da na faɗa mata wasiyyar, ba ta musa ba. Ta ce za ta je majalisa ta nemi izini, ba za su hana motar gawa ba. Nan jinina ya hau. Na ce izinin wa? Mutum ya yi shekara sittin da 'yan kai yana taka titin nan, sai ranar da za a binne shi za a je a durƙusa wa waɗanda suka raba shi da abincinsa? Ta ce ba durƙuso ba ne, tsari ne. Na ce tsarin ya ci ƙaniyarsa. Washegari ta kira ni ta ce an bayar, mota ɗaya, zagaye ɗaya, da tsakar rana. Har da cewa wani kansila ya aiko da ta'aziyya.

Wallahi abin ya tsaya mini a wuya. Zagayen da Lindsay ya roƙe ni ya koma sadakar majalisa, gobe su buga ƙirji su ce ai su masu tausayi ne. Ina cikin wannan takaici na shiga gidan ƙungiyarmu ta jifan ƙwallo da yamma na tarar da Darryl Triffitt a bakin kanta da kofin giyarsa. Darryl tayoyi yake sayarwa, shi ne kuma shugaban masu adawa da dokar, duk wata takarda mai manne da ka gani a bayan mota tana zagin majalisa daga shagonsa ta fito. Ban taɓa sonsa ba, bakinsa ya fi aikinsa, amma ranar nan shi kaɗai ya ji zafin da nake ji. Na ce masa ina son tsofaffin abokan Lindsay su biyo mu a baya da motocinsu, ko da goma ne, don a san ba da izinin kowa muka zo ba. Idonsa ya yi wani ƙyalli. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar masa komai, Lindsay nasu ne.

Ni goma na ce. Ban ce ya saka a waya ya gayyato rabin tsibirinmu na Tasmaniya ba. Amma ko a lokacin da na ji ana ta yaɗawa, ban kira shi na hana ba, don ban ga abin hanawa ba.

Ranar jana'iza sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Aka gama addu'a a coci, 'ya'yan 'yan uwa suka ɗora akwatin a bayan farar, na ɗaure shi da igiyoyin Lindsay na itace, da irin ƙullin da ya koya mini. Tsofaffin dangi da faston suka wuce maƙabarta kai tsaye su jira mu, don masu haƙa sun ce akwai wata gawar bayan tamu, kuma da la'asar suke tashi. Mai shirya jana'izar ya so ya biyo mu da baƙar motarsa, na ce ya je ya sha iska. Na shiga na kama sitiyari, Kerryn ta zauna a gefena da furanni a cinya. Motar duk warin ubanta take yi, ɗanyen itace da taba.

Muna wuce allon dokar nan mai hoton koren ganye na fara jin ƙugi. Ina ɗaga ido na gan su. A-kori-kura iri-iri, manyan motocin katako, motocin ɗaukar tumaki, har da tarakta biyu da laka a taya, an ɗaura tutoci, an rubuta zagi a kwali. Ba zan yi ƙarya ba, ƙirjina ya cika, hawaye ya zubo mini. Na ce a raina, Lindsay, tashi ka ga mutanenka. Kerryn ta juyo ta dube ni ta ce, “Gwaggo, me kika yi?” Na ce abin da ya kamata ke ki yi.

Muka taɓa agogo muka fara. Titin farko lafiya lau, ana ta hon, maza a gefen hanya suna cire hula. A titi na biyu tafiya ta fara ja. Da muka sha kusurwa muka shiga na uku, na taka birki, kuma daga nan ban sake matsawa ko taku ɗaya ba.

Abin da ya faru shi ne, ba wanda ya tsaya ya jera a bayanmu. Kowa ɗan zagaye ne, ko ubansa ɗan zagaye ne, kowa ya san ta inda ake shiga, to ta duk kusurwa huɗu suka kwararo a lokaci guda. Titunan suka cika maƙil, kan layi ya je ya ci karo da wutsiyarsa. Na gaba yana jiran na gabansa, na gabansa yana jiran na gabansa, haka har ya zagayo kanka. Ga wasu kuma a waje sun toshe mashiga suna hon a ba su wuri. Zagaye da mota talatin ake yinsa a ji daɗi, ranar nan Allah kaɗai ya san adadinsu.

Da a ce mutum ashirin sun karya sitiyari sun fita ta lungu, da an warware. Amma wa zai fara? A gaban kyamarar majalisa, a gaban 'yan talabijin da suka riga suka iso, a zagayen mamaci, wa zai yarda a ce shi ne ya yanke? Kowa ya zauna daram yana hararar na kusa da shi. Kashe inji kuma ba a ma maganarsa, don a wurinsu wannan miƙa wuya ne. Sai ma taka totur da suke yi da gangan, baƙin hayaƙi yana tashi saitin kyamarorin, ana shewa.

Mutanen shagunan shayi suka fito bakin titi, masu tsadar kofi da ƙananan karnuka. Wata ta rufe wa jaririnta fuska da mayafi tana zaginmu, wai mu jahilai ne, mu koma daji. Wani dogo mai matsattsen wando, ya jingine kekensa, ya zo har tagata yana nuna ni da yatsa, wai ko kunya ba ma ji. Na sauke gilashi na wanke shi tas, na ce ƙanena ne kwance a baya, kuma shi ya ɗumama gidajen titin nan tun kafin uwarsa ta yaye shi. Ya leƙa ya ga akwatin, ya ja da baya. Can gaba an fara jifa da kofuna, wani direba ya sauko da ƙarfen taya a hannu. 'Yan sanda biyu ne a wurin, su ma motarsu ta maƙale.

A gabanmu wata tsohuwar motar katako ce, salansarta a saitin mu. Duk takun da yaron da ke ciki ya yi, sai gilashina ya yi duhu. Na duba madubi na ga baƙin toka ya fara kwanciya a kan akwatin, a kan farin ƙyallen da Kerryn ta shimfiɗa. Ita ma ta gani. Wayarta ta yi ta ƙara, daga maƙabarta ake kira, wai ƙanwar mahaifiyarmu mai shekara casa'in tana rawar sanyi, wai masu haƙa suna tambaya. Ta ajiye furannin ta ce za ta je ta sami Darryl.

Ina hango su ta tsakanin motoci. Darryl ya hau bayan wata babbar mota da lasifika a hannu, mai ɗaukar hoto yana ƙasa yana haska shi. Kerryn ta ja ƙafar wandonsa, ya sunkuyo, ta yi masa magana tana nuna lungun da ke kusa. Ya girgiza kai yana murmushi, ya miƙe ya ɗaga lasifikar. Duk titin ya ji shi. Ya ce ga 'yar koren majalisa ta zo tana roƙo a watse, amma ba inda za su, yau suna nan saboda ɗan uwansu Leslie, wanda dokar zalunci ta kashe.

Leslie. Na buɗe ƙofa na tsaya a kan matakala na ƙwala masa kira, na ce sunansa Lindsay, kai jakin banza. Ko ni ban ji muryata ba, hon ya cinye ta. Jama'a suka ɗauka, Leslie, Leslie, suna buga jikin motoci.

Kerryn ta dawo fuskarta ba ko ɗigon hawaye. Ba ta shigo ba. Ta tsaya a bayan motar ta yi waya, ta yafito 'ya'yan 'yan uwanmu da suka biyo mu a ƙafa. Sai na ji motar ta ɗan girgiza, na duba madubi na ga tana kwance igiyoyina. Ashe mai baƙar motar ta kira, ya zagayo ta bayan kantin maganin da take haya, inda hanya take a buɗe, sai dai a ratsa da akwatin ta wani siririn lungu. Hannu bai isa ba, mutum biyar ne. Dogon nan mai keke ya cire hular kwanonsa ya ajiye a ƙasa, ya zo ya kama ɗaya gefen. Wannan ma ban yafe ba.

Ta zo tagata ta ce, “Gwaggo, ki sauko mu tafi.”

Na ce mata kusurwa ɗaya ta rage, ga agogo can ina ganinsa. Yanzu za a buɗe.

“Ba za a buɗe ba. Ki bar motar a nan, ki zo ki binne ƙanenki.”

“Na yi masa alkawari. Ke ba ki san alkawari ba.”

“Na san shi. Ba zan bar ubana a titi yana shan hayaƙi don ki ci galaba a kan kansiloli ba.”

A nan ne na faɗa mata. Na ce yau ne kika san ubanki ne? Ranar da kika miƙe a gaban gari kika sa hannu aka kashe masa sana'a, yana zaune a bayanki, ba ki waiwaya ba. Na ga maganar ta shige ta, don sai da ta dafa ƙofar. Ta tsaya tana dubana, ina jin tana jiran in buɗe in sauko duk da haka. Na mayar da idona kan titi na riƙe sitiyari da hannu biyu. In na sauka na bi su ta lungu, to Lindsay ya yanke ke nan, kuma ni na yanke da shi, a gaban Darryl da masu kofi da kyamarar majalisa. A lissafina, da zarar an buɗe zan ƙarasa masa zagayen da motarsa, in taka ta in cim musu kafin faston ya rufe littafi.

Suka ɗaga shi. Ta madubi na bi su da kallo, akwatin yana tangaɗi a kan kafaɗu tsakanin motoci, har lungun ya haɗiye su. Waɗanda ke kusa sun gani, wasu suka sunkuyar da kai, yaron motar katako ya ɗage ƙafarsa daga totur. Sauran ba su ma san an yi ba.

Na zauna. Ƙafata ta yi tsami a kan kuloci, idona yana raɗaɗi, maƙogwarona kamar na haɗiyi barkono. Rana ta karkata ta bar titin, inuwar gine-gine ta rufe mu. Ba wanda ya kira ni a waya, ni ma ban kira kowa ba. Sai da aka ƙaro 'yan sanda daga wani gari suka fara janye motocin waje ɗaya bayan ɗaya, sannan layi ya motsa.

Na sha kusurwar ƙarshe a giya ta ɗaya. A titi na huɗu mutane sun cika gefen hanya, an gaya musu farar a-kori-kura ce ta mamacin. Suka cire huluna, wasu suka dafa ƙirji, wani tsoho har da sara mini irin ta soja. Igiyoyi ne kawai a bayan motar suna jan ƙasa. Na wuce agogo ana ta tafi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko a asibiti da aka rufe masa fuska.

Na taka motar iya ƙarfinta har maƙabarta. Ƙofa a buɗe take, amma wurin ajiye motoci wayam, duk sun wuce gidan ƙungiya shan shayi. Na gangara har inda kabarin iyayenmu yake, don a gefensu aka haƙa masa. An riga an mayar da ƙasa, ƙaramar motar haƙa ta daddanne ta, an jera furanni a kai. Wani mutum mai rigar aiki yana tattara katakon da ake shimfiɗawa a bakin rami.

Ya ɗago ya dubi motar, ya ga bayanta ba kaya, ya ce, “Ke aka aiko kwasar katakon? Ki ɗan matso da ita baya.”

Na ce masa a'a, ni yayar mamacin ce.